Cigiyar Ɗan Fari a Birnin Ikko

Yayana bai taɓa kiran sunan ɗansa na fari ba. Ranar suna ma, da liman ya raɗa wa jaririn suna aka shafa fatiha, shi yana can bakin tafki wai yana duba komarsa ta kamun kifi. Idan dole ta kama sai ya ce "yaron nan", ko ya nuna da haɓa. Haka muka tarar ana yi a Madarunfa. Ɗan fari na kakanni ne, uba ba ya ɗaukarsa, ba ya wasa da shi a gaban mutane, ba ya nuna ya san ko ya ci ko bai ci ba. Samarin yanzu sun fara sakin wannan kunya, ina ganin su da ƴaƴansu a kafaɗa a kasuwa, ban kuma ga laifinsu ba. Amma Yaya mutumin dā ne.

Ni kuwa tun ina saurayi na bar gida. Na yi shekaru ina tuƙa kamiyo, wato babbar motar kaya, wake da albasa zuwa kudu, goro da katako zuwa arewa. Na zauna Ikko, wadda yara ke ce wa Legas, na zauna Abijan, daga baya na yi zama a Jidda, na leƙa Alƙahira. A hanya na tsinci Yarbanci da Julanci da Larabcin kasuwa, na ɗora a kan ɗan Faransancin da na samu a lakwal, makarantar boko. Da ƙarfi ya fara ja da baya na dawo gida na gina ɗaki kusa da na Yaya.

Ɗan nasa ya bi sahun tsaransa, yana tafiya Ikko ci-rani, yana dawowa da ruwan fari. Wata shekara ruwa ya sauka, abokan tafiyarsa suka dawo, shi bai dawo ba. Suka ce sun rabu da shi tun tsakiyar rani, ya samu aikin gadi a wata unguwa mai nisa. Salularsa ta daina shiga. Aka yi noma babu shi, rani ya wuce, wata damina ta sake kamawa, shiru. Matarsa na gidanmu da ƴaƴa biyu, tana daka, tana ɗebo ruwa, tana ta ramewa.

Ana cikin maimai sai mahaifinta ya zo daga ƙauyensu na wajen Gabi. Dattijo ne mai sanyin magana. Ni ya fuskanta, don ya san Yaya ba zai tanka ba a kan maganar ɗan fari. Ya ce bai zo da faɗa ba, zumuncinmu ya girmi auren, amma ba zai zuba ido ƙuruciyar ƴarsa ta ƙare a jiran wanda ba a san inda yake ba. Zai tafi da ita gida ta huta. Idan aka zuba gero a rumbu babu labari, zai kai magana gaban alƙali a raba auren. Aka kira ta aka tambaye ta. Ta durƙusa daga bakin zaure, kanta a ƙasa, ta ce:

"Baba, ni ban roƙi rabuwa ba. So nake kawai in sani, matar aure ce ni ko mai takaba."

Yaya na gefe yana jan tasbaha. Abin da ya ce duka shi ne Allah ya zaɓa mafi alheri.

Na yanke shawarar in tafi da kaina, tunda na san garin. Gero ya fara fitar da kai na shirya. Da safen da zan tashi, na fito na tarar da Yaya a ƙofar gida cikin rigarsa ta Juma'a, da ƴar jaka a hammata. Mutumin da bai taɓa wuce Katsina ba. Ya ce ya daɗe yana jin ana yabon teku, yana so ya gani da idonsa ko ta fi tafkinmu da wani abu. Matar Yaya ta juya baya tana gyara murhun da babu abin da ya same shi.

Muka bi ta Ɗan Issa muka ƙetara iyaka, Katsina, Kano, daga nan muka hau babbar mota zuwa kudu. Da gari ya waye a rana ta biyu gidaje suka fara bayyana a gefen hanya, rumfuna da shaguna da hayaƙi, Yaya ya ɗauki jakarsa ya ɗora a cinya. Na ce masa da saura. Muka yi ta tafiya, gidaje ba su yanke ba, ya sake tambaya, na ce da saura. Daga baya ni kaina na daina ba shi amsa, don ban ƙara sanin inda muke ba. Wurin da muke ajiye kamiyo a dā mu yi girki, maharba suna fitowa daga daji suna tallar nama, sai da na gane wata tsohuwar gada na san mun wuce shi. Yanzu tsakiyar gari ne, har da benaye da suka tsufa.

Na ga irin wannan a wasu wurare. A Abijan na bar wani zango a bakin kurmi, da na koma na tarar kurmin ya zama tashar mota. A Alƙahira na ga mutane sun rasa ƙasa sun hau sama, suna kiwon tantabaru da awaki a kan rufin bene. Jidda takan ci hamada ne cikin tsari, da titi a gaba gidaje a baya. Ikko kuwa mutane ne a gaba, titi ya biyo su in ya ga dama. Amma duk inda na je, idan ka zauna da mutum ka sha shayi da shi, kafin a ɗauraye kofi zai gaya maka sunan wani ƙauye da lokacin da ruwa ke sauka a can.

Muka sauka wurin wani tsohon abokin tuƙina a unguwar Hausawa, kusa da kasuwar hatsi. Shi ya ce mu fara da cigiya. Wannan al'ada ta biyo mutanenmu har can: idan an sallame salla, ladan ya ce jama'a a dakata akwai cigiya, mai neman abu ya tashi ya faɗa, ko akuya ce ta ɓata ko mutum. Na tashi na faɗi sunan yaron da na mahaifinsa da garinmu. Kafin la'asar aka kawo mini mutum uku masu wannan suna, ɗaya ma har sunan uban ya zo daidai, ɗan wajen Zinder. Na nuna hoton aurensa a salula, hula ta rufe rabin goshi, mutane suka duba suka girgiza kai. Abokina ya ce matsalar ita ce a garin nan duk wanda ya fito daga arewa sunansa ɗaya ne a bakin masu gari, ko Malam ko Aboki, har shi kansa yakan manta da na yanka.

Haka muka yi ta bin masallatai, yau nan gobe can. Yaya kullum yana sahun baya, kamar abin bai shafe shi ba. A titi kuma sai na riƙe masa hannun riga, don duk wanda suka haɗa ido sai ya tsaya ya tambaye shi kwana da iyali. Wata rana na ce bari in cika masa burinsa, na kai shi bakin teku. Ya tsaya ya dube ta kaɗan, ya ce ruwan da ba ya zama wuri ɗaya ina za a kafa masa koma. Sannan ya ɗaga kai ya dubi rana ya ce idan ba mu hanzarta ba za mu rasa jam'in azahar a masallacin da muka ce za mu je yau.

Daga gida aka kira aka ce masu gonakin tudu sun fara yankan gero. Na gaya wa Yaya, ya ce to, bai ci tuwon ranar ba.

A wani ƙaramin masallaci na kwano, bayan kasuwar kayan gini, abin ya juya. Na yi cigiya bayan la'asar kamar kullum. Wani mai shayi, mutumin Tasawa, ya ce suna ba ya samo mutum a Ikko, in faɗi kamanninsa. Na ce dogo ne, baƙi, siriri. Ya waiga ya dubi sahu ya ce, Baba, ai ka kwatanta rabin masallacin nan har da liman. Aka yi dariya. Na nemi abin da zan ƙara na rasa, don yaron ya girma ne ina kan hanya.

Sai na ji gyaran murya daga baya. Yaya ne. Bai tashi ba, bai dubi kowa ba, idonsa na kan tasbaharsa.

"Bahago ne," in ji shi. "Akwai tabon lauje a babban yatsansa na dama. Ba ya iya zama hannu sake. In ya zauna sai ya warware buhu, ya tufka zare, ya hau saƙa koma, ko da babu ruwa kusa. Kuma ƙullinsa a juye yake, don daga bayan danga ya koya, yana leƙen hannun mai yi."

Jama'a suka juyo suna dubansa. Yawancinsu mutanen ƙasarmu ne da na Katsina, sun san abin da suka ji. Wani saurayi ya tambaya ko shi ne mahaifinsa. Yaya ya ce gidansu ɗaya. Wani tsoho da ke kusa da saurayin ya zungure shi da gwiwar hannu.

Mai shayin ya ce in maimaita kwatancen a salularsa. Na maimaita, ya tura saƙon muryar ga masu gadi da ƴan garuwa da ƴan kabu-kabu da ya sani, ya ce kowa ya tura gaba. Ban san hannu nawa ta bi ba. Na dai san da safe wani ɗan garuwa da ban taɓa gani ba ya kira ya ce ya taɓa kai ruwa wani wurin gini inda mai gadin yake saƙa raga da zaren buhun siminti. Ya kwatanta mana unguwar, ya ce ba zai iya raka mu ba, kurarsa ta ruwa na cike.

Muka je muka tarar an gama ginin. Bene ne fes, an yi fenti, an sa ƙofar ƙarfe, masu gadin suna sanye da kaki, ba su san kowa ba. Tsallaken titi akwai wata Bayarabiya mai sayar da abinci. Na gaishe ta da harshenta, ta saki fuska, ta ce tsohon Yarbanci nake yi irin na kakanta. Da na kwatanta yaron sai ta nuna min wata raga da ke rataye a rumfarta cike da albasa. Yaya ya matsa ya kama ragar, ya juya ƙulli ɗaya a tsakanin yatsunsa, ya sake ta, ya koma gefe.

Matar ta ce bulo ne ya zubo masa a ƙafa ana sauke kaya, ƙashi ya karye. Maginan, mutanen Benin ne, su suka ɗauke shi suka kai wurin maɗori. Ita ta riƙa aika masa abinci. Da aka gama aiki suka tafi da shi wani shantiyen, wato sabon wurin gini, can gaba. Ta ƙi karɓar komai a kan abincin da muka ci, ta ce in mun same shi mu ce masa ragar kajinta ta yage.

Shantiye na biyu shi ma an gama. Na uku ana saka tagogi, maginan sun riga sun wuce. A nan na fahimci abin da ya sa abokansa suka rasa shi. Mai gadin gini yana kwana da siminti da ƙarfe tun ana haƙa tushe, amma ranar da aka yi fenti aikinsa ya ƙare, gidan ya fi ƙarfinsa. Sai ya ƙara gaba, inda ake sare daji. Gari yana tafiya, shi yana bakin gabansa. Mu kuma muna ta nemansa a inda gari ya riga ya zauna. Kowane wuri muka samu wanda ya nuna mana na gaba: wani mai yankan farce, wata mai gasa masara, wani direban tifa da ya ɗauke mu kyauta a kan yashi, Yaya na riƙe da hularsa da hannu biyu.

Bayan ƴan kwanaki, da hantsi, muka iske shi. Jar ƙasa ce, an sare itatuwan kwakwa an tara, ga tushen gidaje a jere, ga sauran wata gonar rogo da ba a kai ga turewa ba. Yana zaune a kan bulo, sanda a jingine, zare a babban yatsan ƙafarsa mai lafiya. Ya gan ni ya ce Baba ƙarami, ya yunƙura. Sai ya hangi wanda ke bayana. Ya zame daga kan bulon ya durƙusa yadda ƙafar ta bar shi. Yaya ya ratse ya nufi gonar rogon, ya ba mu baya, yana duba ganye kamar saye zai yi.

Na zauna na saurare shi. Ya ce salular ta tafi a jinya. Da ya fara takawa ya yi niyyar aron ta wani ya kira, sai ya tuna abin da za a tambaye shi. Kowa ya koma gida da babur ko da kwanon rufi, shi ya koma da sanda? Ya ce bari ya ɗan samu abin riƙewa tukuna, wata ya bi wata, kunyar kiran ta yi ta ƙaruwa har ta fi ta rashin. Na gaya masa maganar surukinsa da wa'adin da ya sa, na gaya masa abin da matarsa ta faɗa a bakin zaure, kalma da kalma. Ya rufe fuska da hannu. Ya ce ko ya koma me zai iya yi musu da wannan ƙafa.

Yaya bai juyo ba. Da ni ya yi magana.

"Ka gaya wa mai gadin nan gero ya ƙosa. Ban kuma ji an ce da ƙafa ake yankansa ba."

Shugaban maginan ya sauko daga kan katako, wani kakkauran mutum da sarƙar giciye a wuya. Muka yi magana da Faransanci. Ya ce sun yi ta ce masa ya nemi gida yana ƙi, su kuma ba su iya barinsa a baya ba, mutumin da ya ji ciwo a kan aikinsu. Ya ce tun da yake gadi ko ƙusa ba ta ɓace ba. Da na fassara wa Yaya, ya buɗe jakarsa ya fito da ƙullin busasshen kifin tafki da ya ɗauko tun daga gida, wanda ban san da shi ba, ya miƙa wa mutumin da hannu biyu. Ya yi masa addu'a doguwa da Hausa. Mutumin bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya cire hular aikinsa ya tsaya har aka gama.

Na sha jin ana zagin manyan birane a majalisa, ana cewa suna cinye ƴaƴan mutane, ni ma na sha faɗa. Akwai gaskiya a ciki, na ga ƙafar yaron nan. Amma ni na hau yashin direban tifa, na ci shinkafar matar nan, ban san sunan ko ɗayansu ba, ba su kuma tambaye ni sunana ba. Kowannensu ya baro wani wuri, shi ya sa da ka ce kana neman ɗa ba sai ka yi dogon bayani ba. Har yau ina sa su a addu'a bayan salla, ina kiran su da sana'arsu, Allah ya san su.

Daga wurin na kira surukin na ce an same shi da rai. Ya yi hamdala, ya ce amma murya ba ta riƙe aure, sai ya gan shi da ido. Muka kamo hanya washegari. A mota yaron ya zauna can baya, Yaya a gaba, ni a tsakani ina miƙa ruwa da ayaba daga wannan zuwa wancan.

Mun shigo Madarunfa amalanke na ta jigilar dammunan gero daga gona, wasu rumbunan an riga an ɗora musu jinka. Ko hutawa ba mu yi ba na tafi da shi ƙauyen surukinsa. Dattijon ya bar shi a durƙushe ya daɗe. Na ga alama ya tanadi magana mai yawa, amma da ya dubi ƙafar ya haɗiye rabi. Sauran rabin ma ya isa. Ya ce talauci ba abin kunya ba ne, ciwo ba abin kunya ba ne, abin kunya shi ne ka bar mace ba ta san wace addu'a za ta yi maka ba. Sannan ya ce shi ya janye maganar alƙali, amma komawa ɗaki ba a hannunsa take ba, a tambayi mai ɗakin.

Ba ta fito ba. Ta aiko mahaifiyarta ta ce ta gode Allah da yake raye, kuma tana da sharaɗi. Ba ta hana shi neman abinci ba, ya tafi duk inda ƙafarsa za ta kai shi, amma duk wurin da ya sauka sai ya haɗa ta da wani mutum na wurin da za ta iya kira in shi ya yi shiru. Yaron ya ce ya yarda. Uwar ta koma ciki ta dawo ta ce an ji, mu tafi, za ta yi shawara da zuciyarta.

Yaron ya yi yankan gero a zaune, ana jawo masa karan yana yanke kai, hannunsa ya fi na kowa sauri. Kullum da yamma yakan zauna a ƙofar gida yana fuskantar hanyar Gabi. Ranar kasuwa, ana gab da magariba, amalanken surukin ya tsaya a ƙofar gidanmu, tana zaune a kan damin dawa da ƴaƴanta biyu. Ta sauko, ta wuce shi ba ta dube shi ba, ta shiga ta gaida uwar mijinta. Daga nan muka ji muryarta ta cikin gida, ta ɗaga ta yadda za ta kai waje:

"Inna, a ba baƙon da ke ƙofa ruwa ya wanke hannu. Yanzu zan ɗora tuwo."